Wutar Kara Da Wutar Gungume

Ina godiya ga Allah wanda ya kawo mu ƙarshen wata shekarar karatu lafiya, ina kuma godiya ga kwamitin wannan mujalla da suka sake ba ni fili. Bara na yi rubutu a kan tsabtar ɗakunan kwana, wasu suka ce Malam ya cika faɗa. To bana ku kwantar da hankalinku, maganar da na zo da ita ta shafe ni kamar yadda ta shafi kowane ɗalibi. Na fi nufin 'yan ajin ƙarshe waɗanda za su fita ƙofar makarantar nan ba za su sake sa kayan makaranta ba. Amma ƙannensu, da 'yan'uwana malamai, da iyayenmu na ikkilisiya, su ma ina roƙo su ba ni kunnuwansu.

Kowace shekara mukan yi makon falkaswa. Duk wanda ya taɓa kasancewa a wurin ya san yadda abin yake. Ɗakin sujada yakan cika maƙil har wasu na leƙe ta taga, masu ganga su yi ta bugu har hannuwansu su yi ja, baƙon mai wa'azi ya yi kira, ɗalibai su fito gaba da hawaye. Wasu su kawo layun da aka ba su daga gida a ƙone, wasu su je su nemi gafarar waɗanda suka yi wa sata. Ni kaina nakan yi kuka a irin wannan dare, kuma ban ɗauki hawayen yaran nan a kan wasa ba. Amma ku zo mu koma ɗakin nan bayan mako uku, da ƙarfe 5:30 na asuba, lokacin addu'ar da ba a tilasta wa kowa zuwa, musamman in hunturu ya kama. Da ƙyar za ka ga an cika benci biyu, kuma fuskokin da za ka gani su ne dai waɗanda ka saba gani tun kafin baƙo ya zo. Na yi shekaru ina kallon wannan abu, kullum ina tambayar kaina, ina wutar nan ta tafi?

A ƙauyenmu sa'ad da nake yaro, ba kowane gida ke da ashana ba. Bayan an gama girbi, mu yara mukan tara karan dawa a gona mu cinna masa wuta don mu gasa gyaɗa ko dankali. Wutar takan tashi sama ta fi mu tsawo, tana ƙara, muna tsalle muna ihu. Kafin ka je bakin gona ka dawo ta zama toka, sau da yawa ma dankalin bai nuna ba, bayansa ne kawai ya ƙone. Mahaifiyata kuwa wata irin wuta take da ita. Takan sa gungumen ƙirya a murhu, in an gama tuwon dare ta turbuɗe bakinsa da toka. In ka shiga madafa da tsakar dare sai ka rantse babu wuta, ba haske ba hayaƙi. Da asuba sai ta tone tokar, ta ɗora 'yan tsinkaye, ta durƙusa ta yi ta hurawa har ta kama. Da wannan wuta aka dama kunun da muka sha muka girma. Ranar da aka yi rashin sa'a ta mutu kuwa, ba ta zama ta yi ta baƙin ciki, sai ta miƙo mini tsingaro ta ce in ruga gidan maƙwabta in ɗebo garwashi.

Kada wani ya karanta wannan ya je ya ce Malam ba ya son falkaswa. Gungume ba ya kamawa da kansa, da kara ake kunna shi, kuma ni ma a irin wannan taro na ba da raina ga Yesu Kristi ina aji biyu. Damuwata ita ce mun mai da kara shi ne dukan itacenmu. Muna auna himmar mutum da ƙarfin muryarsa a wajen addu'a da yawan fitowarsa gaba, har akwai ɗaliban da suka fito karɓar Yesu sau biyar a shekara shida, domin duk lokacin da zafin ya huce sai su ɗauka ceton ne ya tafi. Ba mu koya musu abin da za su yi da safiyar Talata ba, ranar da babu ganga, babu baƙo, ga gwajin lissafi yana jira, zuciya kuma ta yi sanyi kamar ruwan randa.

Ku buɗe Littafin Firistoci sura 6 ku ga umarnin da aka bayar game da wutar bagade. A sura 9 mun karanta cewa wuta ta fito daga wurin Ubangiji ta cinye hadaya, jama'a suka yi sowa suka fāɗi rubda ciki. Wannan rana ɗaya ce. Amma aikin da aka ɗora wa firist na kowace safiya ne. Zai kwashe toka, ya sake tufafi, ya kai tokar bayan zango, ya kuma ƙara itace domin kada wutar ta mutu. Ku yi tunanin ɗan Haruna da ya yi shekara ashirin yana kwasar toka. Ba wanda zai yi masa tafi, ba wanda zai rubuta sunansa. Ina jin akwai safiyar da ya tashi jikinsa ba ya so. Duk da haka in bai fito ba, wanda ya zo da hadayarsa da rana zai tarar da bagade a sanyaye. Haka kuma sa'ad da Manzo Bulus ya rubuta wa Timoti wasiƙa ta biyu, a sura ta fari ya tuna masa ya hura baiwar da ke cikinsa, wato kamar yadda ake hura wuta. Ba a hura wutar da ke ci bal-bal. In har Timoti, wanda ya yi tafiya tare da Bulus, ya bukaci a tuna masa wannan, to ni da kai ba mu da dalilin mamaki in mun ga tamu ta lafa.

Yanzu bari in faɗi abin da wasu ba za su so ji ba. Yawancinmu a makarantar nan ƙararrawa ce ke riƙe da mu. Ita ke tashe mu, ita ke kai mu sujadar safe, ita ke sa mu addu'a kafin cin abinci, ran Lahadi kuma shugabannin ɗalibai su bi ɗaki ɗaki da sanda suna fito da masu ɓuya a ƙarƙashin gado. Ban ce a daina ba, gama ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sai dai ƙararrawa tana iya ɓoye mana gaskiyar halinmu. Yaro zai yi shekara shida bai taɓa fashin sujada ba, alhali bai taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki don ransa ya so ba ko sau ɗaya. Shi bai sani ba, mu malamai ba mu sani ba, iyayensa kuwa suna gida suna murna sun kai ɗansu makarantar mishan.

Kai ɗan ajin ƙarshe, ke 'yar ajin ƙarshe, nan da 'yan makonni wa zai buga muku ƙararrawa? Wani zai tafi jami'a, inda ba mai tambayarsa ko ya je majami'a. Wata za ta zauna gida shekara ɗaya ko biyu tana jiran sakamakon JAMB, tana ganin ƙawayenta suna wucewa. Wani zai tafi koyon sana'a wurin maigidan da ke buɗe shago ran Lahadi, wani kuma aikin soja. Wayar da muka hana ku riƙewa a nan za ta dawo hannunku, ita za ku fara dubawa da farkawa, ita ce kuma ta ƙarshe kafin barci. Ba wanda zai ce muku ku yi musun Yesu. Abin yakan zo a hankali ne, yau an makara, gobe an gaji, jibi an ce sai an samu natsuwa, har wata rana mutum ya nemi Littafinsa ya tarar da shi a ƙasan akwati tare da tsohuwar rigar wasanni. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda bai koyi tashi da kansa a nan ba, da wuya ya koya a can.

Na san wannan domin ya faru da ni. Lokacin da nake kwalejin horon malamai ni ne sakataren addu'a na ƙungiyar FCS, ina azumi, ina fita wa'azi ƙauyuka da keke, har abokaina suna kirana fasto. Da na gama aka tura ni koyarwa wani ƙauye mai nisa. A shekara ta uku aka yi watanni ba a biya mu albashi ba, ɗanmu na fari ya kwanta ciwo, na ci bashi har na fara sauya hanya don kada in haɗu da mai kanti. Na yi addu'a ban ga canji ba, sai na rage, daga baya na daina gaba ɗaya. Abin da ya fi ba ni tsoro in na tuna shi ne ba wanda ya gane. Ina shiga aji ina koyar da tafiye-tafiyen Bulus, ran Lahadi ina ba da waƙa a majami'a, mutane suna cewa Malam akwai ƙwazo. Maƙwabcina wani tela ne Musulmi. Kowace asuba, ko ana ruwa ko ana sanyi, ina jin ƙarar butarsa da buɗe ƙofarsa zai tafi masallaci, ni kuwa mai koyar da addini ina kwance na ja bargo. Kunya takan kama ni, amma kunya ba ta tashe ni ba.

Akwai wani tsoho a ikkilisiyar, dattijo ne, manomi, wanda iyakar karatunsa ajin yaƙi da jahilci. Wata rana da yamma ya zo gidana da Littafinsa na Hausa wanda bangonsa ya yage an ɗinke da zare. Ya ce, "Malam, idanuna sun fara gajiya, ko za ka taimake ni ka riƙa karanta mini sura ɗaya in na dawo daga gona?" Na ce, "To, Baba," domin ba a ce wa babba a'a. Muka fara da Bisharar Markus. Ya zo washegari, ya zo jibi. In na gama karatu sai ya yi 'yar gajeruwar addu'a, ya sa sunan ɗana a ciki, ya ɗauki sandarsa ya tafi. Bai taɓa tambayata yaya rayuwata ta ruhaniya ba, bai taɓa yi mini wa'azi ba. Markus sura 16 ce, muka gama ta cikin kwana 16, ya ce mu shiga Luka. Ban iya nuna ranar da abin ya juya ba. Na dai lura wata safiya na buɗe Littafin ni kaɗai don in duba abin da za mu karanta da yamma, sai na zarce. Sai bayan shekaru, a wurin jana'izarsa, na tuna cewa tsohon nan yana da jikoki uku a gidansa da suka iya karatu sarai, kuma gidana ya fi kowane gida nisa da nasa. Allah ya sa ya huta. Shi ne ya kawo mini garwashi a tsingaro, tun da ni girman kai ya hana ni zuwa ɗiba.

Saboda haka in ka ga zuciyarka ta yi sanyi, abu na fari kada ka yanke wa kanka hukunci cewa Allah ya rabu da kai. Dubi annabi Iliya a 1 Sarakuna sura 18 da 19. A kan Dutsen Karmel ya tsaya shi kaɗai gaban annabawan Ba'al 450, ya yi addu'a wuta ta sauko daga sama. Wace falkaswa ce ta kai wannan? Amma da saƙon Yezebel ya iso masa, sai ga shi yana gudu zuwa jeji, ya zauna a gindin wani itace yana roƙo a ɗauki ransa. Ku lura da abin da Allah ya yi masa. Ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ya ba shi gurasa da ruwa, ya sake kwanciya, aka sake tashe shi ya ci. Bayan tafiyar kwana 40 zuwa Horeb ne aka yi masa magana, aka ba shi aiki, aka ba shi Elisha ya zama abokin tafiya, aka kuma sanar da shi akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, alhali shi yana cewa shi kaɗai ya rage. Wani sanyin da muke kira ja da baya gajiya ce kawai da yunwa da kaɗaici. Na faɗi wannan ne domin ɗaliban da ke shiga azumin kwana uku a tsakiyar jarrabawa, su kwana addu'a, sa'an nan su zo suna kuka wai ba sa jin kasancewar Allah. 'Yata, je ki ci abinci ki yi barci tukuna, gobe ma zo mu yi maganar.

Amma akwai sanyin da ba na gajiya ba ne, kuma ba zan ɓoye muku shi ba. A ƙarshen wasiƙar Bulus zuwa ga Filimon an jera sunayen abokan aikinsa, a cikinsu akwai Markus da Dimas. Dimas ya fara da kyau, sunansa ya fito kuma a Kolosiyawa sura 4 tare da Luka likita. Markus kuwa ya fara da abin kunya. Ya bi Bulus da Barnaba a tafiyarsu ta fari, da suka kai Bamfiliya ya juya ya koma gida, har daga baya Bulus ya ƙi a sake tafiya da shi, gardama ta raba shi da Barnaba. In da a makarantar nan suke, da Dimas muka ba shugabancin FCS, Markus kuwa mu ce ba a dogara da shi. To ku je 2 Timoti sura 4, wasiƙar da Bulus ya rubuta yana kurkuku kusa da mutuwarsa. A aya ta 10 Dimas ya yashe shi ya tafi Tasalonika saboda ƙaunar duniyar nan. A aya ta 11 Bulus yana roƙo a zo masa da Markus domin yana da amfani a gare shi. Ba a ce Dimas ya yi kisa ko sata ba. Wani abu ne dai ya fi masa daɗi, ya bi shi. Markus kuma ya samu Barnaba wanda bai fid da zuciya a kansa ba.

Mu da ke karatu a makarantar mishan ya kamata mu san irin wutar da ta dafa abincin da muke ci. A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka a Legas da nufin kawo bishara cikin ƙasar da a lokacin ake kira Sudan, wato Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. Ba wanda ya kai shekara 30 a cikinsu, kuma ba wata babbar ƙungiya da ta tsaya musu. Zazzaɓi ya kwantar da Bingham a Legas, sauran biyun suka shiga ciki. Kafin 1894 ta ƙare, Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida. Bingham ya koma Kanada ba shi da ko mutum ɗaya da zai nuna ya ce ga wanda ya tuba. A 1900 ya sake zuwa, zazzaɓi ya sake kama shi, aka mai da shi gida. Sai a ƙoƙari na uku, wanda shi bai ma samu zuwa ba, aka kafa tasha a Pategi a 1902. Ku ƙirga, shekara tara ke nan, da kaburbura biyu. Mukan so labarin samarin nan uku a cikin jirgin ruwa domin yana motsa jini. Ni kuwa abin da ya fi ba ni mamaki shi ne shekarun da suka biyo baya, waɗanda Bingham ya yi yana rubuta wasiƙu, yana bin majami'u yana neman ma'aikata da kuɗi don aikin da sau biyu ya kusa kashe shi. Ya rasu a 1942, shekara 12 kafin a kafa ECWA a 1954. Bai ga ikkilisiyar da idonsa ba.

Haka Littafi Mai Tsarki na Hausa da tsohon nan ya kawo gidana. Dokta Walter Miller ya shigo ƙasar Hausa a 1900, ya zauna Zariya daga 1905, amma cikakken Littafin bai fito ba sai 1932, bayan shi da abokan aikinsa, Turawa da 'yan ƙasa, sun bi shi aya aya. Bayan waɗannan kuma akwai ɗaruruwan masu bishara na ƙasarmu da ba a rubuta sunayensu ba, waɗanda suka yi noma da safe, suka koyar da karatu da yamma a ƙarƙashin itace. Kakannin da yawa daga cikinku a hannunsu suka koyi a, ba, ca.

Akwai kuma wata himma da nake so in ja kunnenku a kanta, domin ta fi sanyi haɗari. Ita ce ta ɗalibin da ke barin karatun dare ya tafi bayan aji yana addu'a Allah ya nuna masa tambayoyin WAEC a mafarki. Ita ce ta 'yan'uwan da suka mai da kansu alƙalai, suna rubuta sunayen waɗanda ba su da Ruhu, suna ƙin cin abinci da wanda ba ya addu'a irin tasu. Shawulu ma yana da himma sa'ad da yake jan masu bi zuwa kurkuku. Wutar da ta fita daga murhu ta kama jinka ba mai yabonta. Wanda yake ganin littafin makaranta abokin gāban bangaskiya ne, ya nemi tarihin Byang Kato, ɗan Kwoi da aka haifa a 1936. Yana koyarwa, ga iyali, ya yi karatun GCE ta hanyar wasiƙa, ya tafi Landan, ya zama Babban Sakataren ECWA a 1967, daga baya ya yi digirin dokta a Dalas ta Amurka. Ya rasu a ruwa kusa da Mombasa ta Kenya a Disamba 1975 yana da shekara 39 kacal, amma har yau ana karanta abin da ya rubuta a makarantun tauhidi. Fitilar da ya yi karatu da ita da dare, ita ce ya karanta Littafi Mai Tsarki da ita. In ka fāɗi jarrabawa saboda lalaci ka ce nufin Allah ne, ka ɗora wa Allah laifin da ba nasa ba, ka kuma ba marasa bi abin dariya.

Wani zai ce, Malam, duk wannan maganar sura ɗaya a rana da 'yar addu'ar safe ai ƙaramin abu ne, zamaninmu yana bukatar abin da ya fi haka. Na yarda zamanin yana da wuya. A cikinku akwai waɗanda aka ƙone majami'un garuruwansu, akwai waɗanda suka yi hutu a sansanin gudun hijira. A watan Oktoba na 2014 'yan Boko Haram suka mamaye hedkwatar EYN da ke Kwarhi, shugabanni da ɗalibai suka watse, da yawa suka zo Jos ba su da komai sai rigar jikinsu. Na zauna da wasu iyaye mata da suka kwana a duwatsu a wannan lokaci. Ba su gudu da Littafi ba, ba fasto, ba ganga. Abin da suka ce ya riƙe su shi ne ayoyin da suka haddace a Zumuntar Mata da waƙoƙin da suka yi ta maimaitawa shekara da shekaru har wani lokaci suna hamma. A ranar tsanani mutum ba ya cin abin da bai zuba a rumbu ba. Don haka haddar ayar mako da kuke yi wa gunaguni, ni ban ɗauke ta ƙaramin abu ba.

Ga 'yan'uwana malamai da faston makaranta, ina da roƙo. In mun gayyaci baƙo don falkaswa, mu shirya makonni goma da za su biyo baya kamar yadda muke shirya masaukinsa da abincinsa. Kowane yaro da ya fito gaba a haɗa shi da wani babba ko malami da zai riƙa zama da shi ko da minti goma ne a mako. Ƙungiyar FCS da aka fara a Gindiri a 1957 ta rayu har yau ne saboda malaman da suka ba da yammacinsu kyauta, ba don an biya su ba. Mu kuma yi wa kanmu gaskiya, yaran nan suna ganin malamin da ke tsaye a bayan ɗakin sujada yana duba waya lokacin wa'azi. Iyayenmu na ikkilisiya kuma, in yaranmu sun dawo gida kada ku bar su zaman benci suna jiran ranar aure. Ku ba su ajin Lahadi na yara su koyar, ku tura su gaishe da marasa lafiya, ku sa su karanta wa tsofaffi. Mutum yakan riƙe abin da aka ba shi amana fiye da abin da aka ce ya zauna ya kalla.

Ku kuma masu fita, ban ce ku yi alkawarin karanta sura goma a rana ba, na san inda irin wannan alkawari yake ƙarewa. Ku zaɓi abin da za ku iya ɗauka ko a ranar da ba ku so, ku sa masa lokaci, ku ajiye Littafin a inda hannu zai kai gare shi kafin ya kai ga waya. In kun yi fashin kwana uku, ku ci gaba daga inda kuka tsaya a rana ta huɗu, ba sai kun jira wani taro ba. Duk garin da kuka sauka, ku nemi ikkilisiya tun a makon fari, ku je ku gaishe da fasto ku faɗi sunanku, domin a san in ba a gan ku ba. Kafin ku ɗaure akwati, kowa ya samu mutum ɗaya a cikin ajinsa da za su riƙa tambayar juna gaskiya, wanda ba za ka ji kunyar ce masa wutata ta mutu ba.

Na yi magana da faston makaranta, ya yarda zai rubuta wa duk mai so takardar gabatarwa zuwa ikkilisiyar garin da zai tafi. Ku kawo sunayenku ofishina kafin ranar bikin sallama. Sauran da za su dawo kuwa, ran Litinin ta fari a sabon zango, da ƙarfe 5:30 na asuba, zan buɗe ɗakin sujada in Allah ya kai mu. Ba za a buga ƙararrawa ba, ba kuma za a rubuta sunan wanda bai zo ba. Za mu fara da Markus sura 1, kowa ya zo da Littafinsa da rigar sanyi.